Ma'anar “Passive” a Nahawun Ingilishi da a Halayyar Mutum: Tambayoyi da Amsoshi

Mai koyon Ingilishi yakan gamu da kalmar “passive” a wurare biyu masu nisa da juna. Da farko yana jin ta a aji, inda malami ke koyar da ginin jimla, daga baya kuma sai ya ji an siffanta wani mutum da ita, ana nufin mai naɗe hannu ne, ba ya motsawa sai an motsa shi. Daga nan mutane da yawa suka ɗauka cewa abu guda ne, har suka riƙa kallon wata sigar jimla a matsayin alamar ragwanci. Na daɗe ina ganin ɓarnar da wannan ruɗani yake yi wa rubutun ɗalibai, shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi a kan batun, na amsa su gwargwadon nauyin kowace.

Daga ina kalmar ta samo asali, kuma mece ce ma'anarta ta farko?

Tushenta Latin ne, daga aikatau “pati”, wanda ke nufin jurewa ko ɗaukar abin da ya sauka a kan mutum. Daga wannan tushe ne Ingilishi ya samu “patient”, wato majinyaci ko mai haƙuri, da kuma “passion”, wadda a dā take nufin shan wahala kafin ta koma ma'anar tsananin shauƙi. Saboda haka asalin ma'anar ita ce kasancewa wanda abu ya faɗa wa, kishiyar wanda ya aikata abin. Babu zargi ko aibu a cikin wannan ma'ana ta farko. Zargin ya shigo ne daga baya, lokacin da aka fara auna halin mutane da kalmar.

Yaya ake gina irin wannan jimla a Ingilishi?

A nahawun Hausa muna da aikau, wato mai yin aikin, da aikatau, wato aikin kansa, da karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa. Jimlar da ta fara da aikau, kamar “The driver repaired the car”, ita ce ake kira “active”, kuma a nan zan riƙa kiranta sigar aikau. Idan aka ɗauko karɓau aka ajiye shi a gaba, aka ce “The car was repaired by the driver”, an shiga “passive”, wadda zan kira sigar karɓau. Direba ne ya gyara mota a duka jimlolin biyu, abin da ya sauya kawai shi ne wanda aka sa a gaba.

Ginin yana buƙatar abubuwa biyu: wani reshe na aikatau “be”, kamar “is” ko “was” ko “been” ko “being”, sannan siga ta uku ta babban aikatau, irin su “written” da “taken” da “repaired”. Lokaci yana bayyana ne a jikin “be”, shi ya sa ake samun “is written” da “was written” da “has been written” da “will be written”. A maganar baka sau da yawa “get” yakan maye gurbin “be”, kamar a “He got arrested”, kuma an fi jin wannan idan abin ya zo ba zato ko ba daɗi. Shi kuwa aikau, idan ana so a ambace shi, sai a kawo shi a ƙarshe bayan “by”. Amma ambatonsa ba dole ba ne, kuma babban littafin nahawun da Randolph Quirk da abokan aikinsa uku suka fitar a 1985 ya nuna cewa kusan huɗu cikin biyar na irin waɗannan jimloli ba sa ambaton aikau ko kaɗan.

Shin Hausa tana da irin wannan siga?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci ga mai jin Hausa, domin a nan ne fassara take yawan karkacewa. Hausa ba ta da gini guda da ya yi daidai da na Ingilishi ƙafa da ƙafa, amma tana da hanyoyi uku da take biyan wannan buƙata.

Hanya ta farko ita ce wakilin suna marar takamaiman mai shi: an, aka, ana, ake, za a. Idan muka ce “an gyara mota” ko “za a buɗe makaranta”, mun faɗi abin da ya faru ba tare da mun nuna wanda ya yi ba, kuma wannan shi ne ya fi kusa da “The car was repaired”. Sai dai ta fuskar gini motar tana nan a matsayinta na karɓau, ba ta hau kujerar aikau ba kamar yadda take yi a Ingilishi. Hanya ta biyu ita ce aikatau masu ƙarewa da wasalin “u”, waɗanda masana suka sanya a aji na bakwai bisa rabe-raben da F. W. Parsons ya gabatar a 1960: mota ta gyaru, aiki ya yiwu, rubutu ya karantu. Wannan siga tana ɗauke da ƙarin ma'ana da Ingilishi ba ya bayarwa kai tsaye, domin “ta gyaru” na nufin gyaran ya kankama sosai, “ba ta gyaruwa” kuwa na nufin gyaran ba mai yiwuwa ba ne. Hanya ta uku ita ce ciro karɓau zuwa gaba don a jawo hankali kansa, kamar a ce “motar, direba ne ya gyara ta”.

Abin da Hausa ba ta da shi shi ne takwaran “by”. Shi ya sa jimla irin “an rubuta wasiƙar daga shugaban” ko “an kama shi ta hannun ’yan sanda” take yi wa kunne nauyi, domin mai fassara ya bi sawun Ingilishi ne. Bahaushe cewa zai yi “shugaban ne ya rubuta wasiƙar” da “’yan sanda sun kama shi”. Duk lokacin da jimlar Ingilishi ta ambaci aikau bayan “by”, mafi kyawun fassara ita ce a dawo da shi gaba, a ba shi aikinsa.

Ta yaya zan gane cewa jimla tana cikin sigar karɓau?

Kada ganin “was” ko “were” kaɗai ya ruɗe ka. Na taɓa karɓar takardar wata ɗaliba wadda ta bi rubutunta da jan biro, ta soke kowace “was” da ta gani, har da ta cikin “She was tired” da “They were waiting”, saboda an gaya mata cewa waɗannan duka sigar karɓau ce kuma laifi ce. Ta ɓata rabin shafi tana neman yadda za ta ce wata ta gaji ba tare da “was” ba. Alhali “tired” a nan siffa ce, “were waiting” kuwa aiki ne mai ci gaba wanda masu jiran suke yi da kansu.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne ka nemi siga ta uku ta aikatau bayan “be” ko “get”, sannan ka tambayi kanka ko abin da ke farkon jimlar shi ne ya yi aikin ko kuwa shi aka yi wa. Idan za ka iya ƙara “by someone” a ƙarshe ma'ana ta zauna daidai, to kana cikin sigar karɓau. Akwai wuraren da suke da fuska biyu, kamar “The door was closed”, wadda za ta iya nufin an rufe ƙofa ko ƙofa a rufe take. A nan Hausa ta fi Ingilishi fayyacewa, domin ta ba kowace ma'ana nata gini.

Ko kowane aikatau yana karɓar wannan siga?

A'a. Aikatau ƙi-karɓau, irin su “arrive” da “die” da “happen”, ba su da karɓau da za a ciro gaba, saboda haka “The accident was happened” kuskure ne, kuma yana cikin kurakuran da masu koyo suka fi yi. Akwai ma wasu aikatau so-karɓau, wato masu ɗaukar karɓau, da ba sa yarda, kamar “resemble” da “lack” da “have” idan tana nufin mallaka.

Gaskiya ne cewa amfani da sigar karɓau kuskure ne a rubutu mai kyau?

Ba kuskure ba ne a nahawu, kuma bai taɓa zama ba. Ƙyamar ta samo ƙarfi ne daga littattafan koyar da salo na ƙarni na 20. Ɗan littafin William Strunk, wanda E. B. White ya sabunta ya fitar a 1959 da sunan The Elements of Style, ya umarci marubuta su riƙa amfani da sigar aikau. George Orwell ma, a maƙalarsa ta 1946 kan siyasa da harshen Ingilishi, ya kafa ƙa'idar cewa kada a yi amfani da sigar karɓau inda ta aikau za ta yi. Malamai suka ɗauki waɗannan shawarwari suka mayar da su doka, daga baya manhajojin gyaran rubutu na kwamfuta suka riƙa ja wa jimlolin layi kamar an yi ɓarna.

Masana harshe sun ƙalubalanci wannan. Geoffrey Pullum ya nuna a 2009 cewa uku daga cikin misalai huɗu da littafin Strunk da White ya jera don a gyara su ba sa cikin sigar karɓau tun farko, sannan a 2014 ya wallafa doguwar maƙala da ta tattara misalan masu sharhi da suka zargi wasu da wannan siga alhali ba su iya gane ta ba. Shi kansa Orwell ya yi amfani da ita a jimlar farko ta maƙalar da ya kafa ƙa'idar. A ganina shawarar tasu tana da ƙwayar gaskiya, domin rubutun da ya cika da jimlolin da ba a san mai aiki a cikinsu ba yana gajiyar da mai karatu. Amma abin takaici ne a ce an tsorata ɗalibi da wani sashe na harshen da yake ƙoƙarin koya, har ya kasa amfani da shi a inda ya fi dacewa.

To, a ina ne ta fi dacewa?

Ta dace idan ba a san aikau ba, kamar a “My phone was stolen”, domin da mai wayar ya san ɓarawon da ya faɗi sunansa. Ta dace idan aikau sananne ne har ambatonsa ya zama ɓata lokaci, kamar a ce an yanke wa wani hukuncin ɗauri, tunda kowa ya san alƙali ne ya yanke. Ta dace a rahoton bincike, inda abin da aka auna ya fi wanda ya riƙe ma'auni muhimmanci. Amfaninta mafi girma kuwa, wanda ba a cika koyar da shi ba, shi ne ɗinke jimla da jimla. Mai karatu yana son kowace jimla ta fara da abin da ya riga ya sani, ta ƙare da sabon abu. Idan kana ba da labarin wata gada, sai ka ce “It was built in two years”, gadar ta ci gaba da zama a gaba, zaren magana bai tsinke ba. Da za ka tilasta wa jimlar sigar aikau, sai ka jawo ’yan kwangila cikin labarin da ba nasu ba.

Me ya sa ake cewa ana ɓoye laifi da ita?

Domin tana ba da damar a faɗi ɓarna a bar maɓarnaci. Misalin da aka fi sani shi ne “mistakes were made”, wato an tafka kurakurai. Shugaban Amurka Ronald Reagan ya furta irin wannan magana a jawabinsa ga majalisa a watan Janairun 1987, game da badaƙalar sayar wa Iran makamai, kuma ’yan siyasa da dama sun bi wannan hanya kafinsa da bayansa. Na taɓa samun wasiƙa daga wani ofis bayan watanni ina bin wata takarda tawa, aka rubuta mini cewa “your file was misplaced”. Na karanta ta sau uku ina neman mutum guda da zan koma wurinsa, ban samu ba, kuma na ji zafin hakan fiye da ɓatan fayil ɗin kansa.

Duk da haka ya kamata a lura cewa ana iya zillewa da sigar aikau ma. Wanda ya ce “The gun went off” ko “An error occurred” bai yi amfani da sigar karɓau ba, amma ya ɓoye wanda ya ɗana kunama da wanda ya yi kuskure. Haka kuma “The money was taken by the treasurer” tana cikin sigar karɓau, kuma ta nuna ma'aji da yatsa ƙarara. Tambayar da ta kamaci mai karatu ita ce ko an faɗi wanda ya aikata a inda ake da haƙƙin sani.

Idan aka ce mutum “passive” ne, me ake nufi? Ba haƙuri ba ne?

Ana nufin mutumin da yake barin al'amura su gudana a kansa ba tare da ya sa hannu ba, ko da yana da iko da haƙƙin sa hannun. A taro ana yanke shawarar da ta shafe shi, yana da ja, amma sai ya yi gum. An ɗora masa aikin wani, ya karɓa, ransa yana ƙuna. Idan aka tambaye shi abin da yake so, amsarsa kullum ita ce duk yadda aka yi daidai ne. Hausa ba ta da kalma guda da ta rufe wannan, sai dai tarin kalamai da kowanne ya ɗebi gefe: naɗe hannu, zuba ido, sanyin jiki, miƙa wuya, mutuwar zuciya.

Bambancinsa da haƙuri yana da girma, kuma ina ganin haɗa su zalunci ne ga haƙuri. Mai haƙuri ya ga abin da ke faruwa, ya auna, ya zaɓi ya jira ko ya ɗauke kai saboda wata manufa da ya riƙe, kuma ranar da ya ga magana ta zama dole zai yi ta. Kawaici ma zaɓi ne na wanda ya san zai iya tankawa. Mai naɗe hannu kuwa bai zaɓi komai ba, tsoro ko yanke ƙauna ne suka zaɓa masa. Daga waje mutanen biyu suna iya kama da juna, tunda dukansu shiru suka yi, amma na farko yakan kwana da nutsuwa, na biyu kuma yakan kwana yana maimaita maganar da ya kasa faɗa.

Me ke sa mutum ya zama haka?

Dalilai suna da yawa, daga tarbiyyar da take hukunta yaro duk lokacin da ya buɗe baki, zuwa tsoron rasa aiki, zuwa ciwon damuwa wanda yake kashe kuzari kuma yake buƙatar ganin likita. Bincike biyu sun haska batun sosai. A 1967 Martin Seligman da Steven Maier, a Jami'ar Pennsylvania, sun gano cewa karnukan da aka yi ta ba su wutar lantarki ba tare da hanyar tsira ba, daga baya ko an buɗe musu hanya yawancinsu ba sa yunƙurin gudu. Suka kira wannan gazawar da aka koya. Bayan kusan shekara hamsin, a 2016, su biyun suka gyara fassararsu bisa abin da aka gano game da ƙwaƙwalwa: miƙa wuya shi ne martanin asali ga wahala mai tsawo, abin da ake koya shi ne sanin cewa yunƙuri yana da tasiri. Wannan gyara yana ƙarfafa mini gwiwa, domin yana nufin wanda ya saba da naɗe hannu zai iya koyon akasinsa ta hanyar ƙananan nasarori da yake gani da idonsa.

Na biyu shi ne gwajin John Darley da Bibb Latané na 1968, inda ɗalibai suka ji muryar wani kamar farfaɗiya ta kama shi. Cikin waɗanda suka ɗauka su kaɗai ne suke ji, kashi 85 cikin ɗari sun tashi neman taimako tun muryar ba ta yanke ba. Cikin waɗanda suka ɗauka akwai wasu mutum huɗu da suke ji tare da su, kashi 31 ne kawai suka yi hakan. Wannan ya nuna cewa zuba ido ba kullum ne yake fitowa daga halin mutum ba, wani lokaci yawan jama'a ne yake raba nauyi har kowa ya ga rabonsa bai kai ya motsa ba.

Mene ne “passive-aggressive”?

Shi ne nuna fushi ko ƙin yarda ta bayan fage: a amsa da “to” a baki, sannan a ja ƙafa, a manta da gangan, a yi aikin rabi da rabi, ko a koma habaici da shaguɓe da ɗaure fuska, idan kuma aka tambaya a ce babu komai. Kalmar ta fito ne daga likitocin sojan Amurka a 1945, inda aka siffanta sojojin da ba sa bijire wa umarni a fili amma suke kashe shi da jinkiri da taurin kai. Ta shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka a 1952, aka cire ta daga babban jerin a bugun 1994. A yau an fi amfani da ita wajen siffanta ɗabi'a. Irin wannan mutum yana aikata abu sosai, sai dai ya zaɓi hanyar da ba za a iya kama shi da hujja ba, shi ya sa zama da shi yake da wuya.

Me ya sa ake jin kalmar a wasu wurare da ba su shafi nahawu ko hali ba?

Domin ma'anar asali ta karɓar abu tana nan da ranta. “Passive smoking” shi ne shaƙar hayaƙin tabar wani, “passive vocabulary” kuwa kalmomin da mutum yake ganewa idan ya ji amma ba ya amfani da su da kansa. Akwai kuma “passive resistance”, wato bijirewa ba tare da tashin hankali ba, sunan da aka fara bai wa gwagwarmayar da Gandhi ya soma a Afirka ta Kudu a 1906. Shi da kansa bai gamsu da sunan ba, domin yana sa a ɗauka makamin raunana ne, sai ya maye gurbinsa da “satyagraha”, wato riƙo da gaskiya.

Wanda ya ga wannan hali a tare da shi, daga ina zai fara?

Ya fara da ƙaramin abu wanda faɗuwa a cikinsa ba za ta yi masa illa ba. Idan aka tambaye shi lokacin da ya fi masa daidai a haɗu, ya faɗi lokaci guda maimakon ya ce kowanne ma. Idan aka kawo masa aikin da ba nasa ba, ya nemi a ba shi zuwa gobe ya duba, domin wannan ɗan jinkiri yana raba shi da amsar da ta saba kuɓuce masa. Sannan ya saurari yadda yake ba da labarin kansa. Akwai tazara tsakanin “an sa ni” da “na yarda na yi”, ko tsakanin “ba a ba ni dama ba” da “ban nema ba”. Wani lokaci ta farkon ce gaskiya, domin akwai mutanen da aka danne da gaske, kuma ba daidai ba ne a ɗora musu laifin abin da aka yi musu. Idan kuwa ya duba ya ga ta biyun ce gaskiya, to ya rubuta abin da yake son faɗa a jimla ɗaya ko biyu kafin taro na gaba, ya sa “ni” a farkonta, ya faɗe ta tun kafin a rufe batun.